Ranar da Aka Cinye 'Yan Gaban Kawu

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar wata Talata da hantsi, bayan ya sha kokonsa, ya kuma yi wa mai karanta labarin wasanni a rediyo gyara har sau biyu. Inna, matarsa, ta ce hula kawai ta shiga ɗauko masa, ta fito ta tarar ya jingina da bango ya yi shiru. Shirun ne ya fara ba ta tsoro, don Kawu bai taɓa barin rediyo ya gama magana shi kaɗai ba.

Bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, Zangon Lomé ta taru. Tsofaffin abokan aikinsa na tashar jirgin ruwa suka zo, 'yan kasuwa suka rufe shaguna a Hanoukopé suka zo, ɗalibaina suka iso daga Tokoin bibbiyu a kan zemijan, baburan haya, suna ta yi mini ta'aziyya da Faransanci kafin su tuna su ce Allah ya jiƙansa. Ni na zauna a mazaunin ɗa ina karɓar gaisuwa, don a gidansa na tashi tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa.

Duk wanda ya durƙusa sai ya ce an yi rashin mutum mai haƙuri. Wani ma ya ce bawan Allah ne da ba ya shiga abin da ba ruwansa. Ina cewa amin, ina tambayar kaina ko gawar wani muka binne. Kawu yana da kyauta, yana da zumunci, ba ya rasa sahun farko. Amma haƙuri? Mutumin da alƙalin wasa ya taɓa tsayar da wasa ya zo bakin layi ya roƙe shi ya rage murya? Amininsa ne kaɗai, wani tsohon direban tirela da suka yi ƙuruciya tare, ya faɗi gaskiya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yau fili ya huta." Sai ya rufe fuska da hannun riga, ya daɗe bai buɗe ba.

Ana cikin haka babbar 'yar Kawu, taubashiyata, ta leƙo daga zaure ta yafito ni. Na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta cikin mata, da wani tsohon tire a cinyarta, babu komai a kansa sai jiƙaƙƙen tsumma. Na san tiren nan kamar yunwar cikina.

"Naka ne," in ji Inna. "Ya jera ya rufe, ya ce kada wanda ya taɓa sai ka zo."

Taubashiyata ta ce ita ina za ta sani. Ta shiga ɗakin mahaifinta neman tabarma, ta ga goro, ta ga baƙi sun cika ƙofa ba a ba su komai ba, ta miƙa wa mijinta ya zagaya da shi. A gidan mutuwa me ake yi da goro in ba rabawa ba? Ta ƙara da cewa in da ni ɗan arziki ne mai zuwa gaisuwa, da tuni na ga abina. Tun muna yara ba ta taɓa barin dama irin wannan ta wuce ta ba.

Na fito na tsaya a bakin zaure na dubi rumfar. Liman yana tauna. Ladan yana tauna. Aminin Kawu, da hawayensa bai bushe ba, shi ma yana tauna. Mako bakwai rabona da gidan nan saboda wata magana da na gaya wa Kawu, kuma amsar da ya bar mini, ko ya tafi da fushina ko ya sauka, tana kan tiren. Ga ta nan ana haɗiye ta ana yi masa addu'a.

Wanda bai san Kawu ba zai ce ai goro ne, a sayo wani. Bari in yi bayani.

Ni malamin motsa jiki ne a wata kwalejin koyon sana'a da ke Tokoin, ni ne kuma mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarta. Kawu bai yi karatu a can ba, ba shi da ɗa ko jika a can. Ranar da aka ba ni aikin ya zo kallon wasan farko don ya ƙarfafa mini gwiwa, kuma tun daga ranar ƙungiyar ta zama tasa, ni na zama wanda aka ba riƙo yana ɓatawa. Yana da wata kujera mai naɗewa da yake ratayawa a kafaɗa. Ba ya zama cikin 'yan kallo. Bakin layi yake kafa ta, taku uku daga inda nake tsaye, yadda ba sai ya wahalar da murya ba, ko da yake bai taɓa yi wa muryar tanadi ba.

Kullum bayan la'asar nakan biya in gaishe shi kafin in wuce gidana, kullum kuma tiren yana jirana. Farin goro goma sha ɗaya su ne namu, jan goro goma sha ɗaya su ne abokan karawa. Kafin ya fara sai ya ɗauki wani goron daban, ya ɓara shi biyu, ya jefa nasa a baki, ya miƙo mini ɗaya ɓarin. Na yi shekaru ina ɗaukar abin a girmamawa. Daga baya na lura muddin ina tauna ba na iya katse shi, kuma da na haɗiye in ce wani abu, ya riga ya wuce wurin.

'Yan baya ba su dame shi ba. Mai tsaron gida ma sau da yawa mantawa yake da shi, sai an kusa gamawa ya tarar da shi ya mirgina ƙarƙashin tsumma. Ciwon Kawu 'yan gaba ne. Ya yi rayuwarsa yana fito wa 'yan kasuwar Yamai da Wagadugu da kaya daga tashar jirgin ruwa, don haka shi a wurinsa ƙwallo kaya ce, raga kuma ita ce inda mai kaya yake jira. Aikin ɗan wasa shi ne ya sa hannu ya miƙa gaba. Duk wanda ya riƙe ta fiye da numfashi biyu, to ya tare hanya.

Lamba taranmu, wani dogon yaro mai koyon walda, Kawu ya raɗa masa Sito, wai abin da ya shiga wurinsa ba ya fitowa. Mai buga gefen dama kuwa ya ce ɗan zemijan ne, gudu kamar an biyo shi, amma bai tsaya ya tambayi inda za a sauke fasinja ba. 'Yan tsakiyarmu, a cewarsa, da sun sami ƙwallo sai su ɗaga ta sama su bar wa Allah, alhali Allah ya riga ya ba su ƙafafu. Zai tura farin goro uku su cunkushe a gefe guda, ya kewaye su da ja, ya ɗago ya dube ni kamar ni na haifi matsalar da hannuna.

"Koci, dubi nan. In ƙofa ɗaya ta cika da tireloli, mai hankali ƙofa ta biyu yake nema. Ku duk kun yi layi a dama. Hagun nan haya aka ba wani?"

Maganinsa ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba. Muna da wani bahago mai koyon gyaran firiji da nake ajiyewa a baya, lamba uku. Kawu ya ce in fito da shi gaba ya buɗe gefen hagu, Sito ya ja baya kaɗan ya daina tsayawa cikin masu tsaro kamar turken awaki, a riƙa buga ƙwallo a ƙasa. Na gaya masa ya fi sau ɗari cewa in na ɗauke yaron daga baya, ramin da zai bari ko tirelar amininsa za ta wuce. Na gaya masa waɗannan ɗalibai ne, sau biyu a mako nake samun su, rabin fili yashi ne, wannan yana da jarrabawa, wancan an tura shi koyon aiki gareji, kuma da ka gama gyara yaro ya fara gane ƙwallo sai takardar kammalawa ta ɗauke shi. Kawu sai ya gyaɗa kai kamar ya ji, ya ce to, ya sake tura farin goron nan gefen hagu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda yake cin wasa. In ya nuna yadda bahagon zai yanke mai tsaro, sai ya ɗauki jan goron ya jefa a baki, wai an wuce shi. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin a kira magariba ya cinye rabin bayan abokan karawa, ya rarraba sauran ga masu wucewa, hanyar raga ta zama fetal. A kan tiren Kawu ba a taɓa cin mu ba.

Duk farkon shekarar karatu yakan zo atisaye ya ga sabbin ɗalibai, ya dawo yana cewa bana akwai haske. Ya ga wani mai kai, ya ga wani mai ƙafa biyu, in an haɗa su da wane da wane, to sauran kwalejoji su nemi wurin ɓuya. Zuwa wasa na uku hasken ya mutu, ya koma cewa za mu kashe shi kwanansa bai ƙare ba. Shekara da shekaru haka, bai gaji da sa rai ba, bai kuma gaji da ɗora mini laifin karyewarsa ba.

Ba zan yi masa rashin adalci ba. Akwai ranar da Sito ya zubar da fenareti a minti na ƙarshe, 'yan kallo suka bi shi da ihu har bakin titi. Kawu, wanda ya fi kowa zaginsa a shekarar, ya naɗe kujerarsa ya bi shi, ya kama hannunsa ya kawo shi gida, Inna ta zuba masa tuwo. A nan aka gane yaron daga arewa ya zo, ba shi da kowa a Lomé, a shagon walda yake kwana a kan kwali. Kawu ya share masa ɗakin zaure ya zauna har ƙarshen zangon karatu. Kowace safiya kuma, a kan koko da ƙosai, sai ya tuna masa fenaretin. Sito ne dogon da ya fi kowa kuka a maƙabarta, har sai da aka janye shi gefe.

Ni ma haka ya yi mini. Lokacin da gwiwata ta goce ina saurayi, ƙwallo ta ƙare mini, shi ya yi jinyata a asibiti a Tokoin, yana kwana a kan benci. Ranar da likita ya ce ba zan sake buga wasa ba, na juya fuska bango. Kawu ya ce in daina ɓata hawaye, dama can ni ba wani ɗan wasa ba ne, kaina ya fi ƙafata amfani, in je in koyi koyarwa. Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Amma abincin da nake ci yau daga wannan maganar ya fito.

To, ga abin da ya raba mu. Wani wasa ne a filinmu, shugaban kwaleji yana zaune da baƙinsa, muna kunnen doki, saura kaɗan a tashi. Na umarci yara su riƙe baya. Sai na ji Kawu ya miƙe yana kiran bahagon, da Hausa, da yaren Mina, da hannu, wai ya haura gaba. Yaron ya dube ni, ya dubi Kawu, kuma tun da a gidan Kawu yake cin tuwon sallah, ya haura. Aka ƙwace ƙwallo, aka bi ta ramin da ya bari, aka jefa mana.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da mutum ba ya ganin gabansa. Na juya, a gaban ɗalibai da shugaba da kowa, na ce masa, "Monsieur, sortez du terrain." Da Faransanci na ce masa ya fita daga fili. Mutumin da ya yi mini kaciya, ya kai ni makarantar allo, ya nema mini aure, na kira shi da abin da ake kiran baƙon da ba a san sunansa ba. Da zaginsa na yi da Hausa, da ya rama, da mun shirya kafin magariba.

Ya naɗe kujerarsa a tsanake. Ya rataya ta, ya ɗan rusuna, ya ce, "Pardon, Monsieur l'entraîneur." Wato a gafarce shi, ranka ya daɗe mai horarwa. Ya bi ta ƙaramar ƙofa ya fita.

Washegari na zo har bakin layinsu a kan babur, na rage gudu, na wuce. Na ce wa kaina ba zan je da kunya biyu ba, ta rashin ladabi da ta rashin nasara. Bari mu ci wasa ɗaya tukuna, da tsarina, in shiga gidan da fuska, in durƙusa in ba shi haƙuri, ya ga kuma na san aikina. Wasa ɗaya kawai. Muka yi canjaras babu ci. Aka ci mu ɗaya. Muka sake canjaras. Sito ya daki turken raga, ɗan zemijan ya yi ta gudu da fasinja har bayan fili. Matata ta yi magana har ta gaji, ta koma kai gaisuwata da bakinta ba tare da na aike ta ba. Mako bakwai 'yan gabana suka kasa jefa ƙwallon da za ta kai ni gidan Kawu, sai ga waya ranar Talata.

Shi ya sa na yi abin da na yi a kwana ukun zaman makoki, kuma ban ce na kyauta ba. Mutane suna zuwa yi mini ta'aziyya, ni ina bin su da tambayar daga ina suka ɗauki goronsu.

Na fara da Liman. Na matsa kusa na ce, Allah gafarta Malam, fari ka ɗauka ko ja? Ya ce fari. Daga wane gefen tire? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce daga gefen da ya fi kusa da hannunsa. Ladan ya ce shi dai ya ga goron duk ya taru wuri guda, wanda ba abin mamaki ba ne, tun da mijin taubashiyata a karkace ya riƙo tiren, da hannu ɗaya, yana amsa waya da ɗayan. Shi mijin da na tsare shi, cewa ya yi ya ga goro ne kawai, masu kyau kuwa, manya.

Kafin la'asar ta rana ta biyu labari ya zagaye rumfa cewa marigayi ya bar wasiyyar ƙwallo an cinye. Wani dattijo ya ce wasiyyar mamaci ba abin wasa ba ce, dole a cika. Aka ce to mece ce wasiyyar? Nan kowa ya tuna ya gani. Wani ya rantse 'yan gaba uku ne a jere. Wani ya ce biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya. Wani mai sayar da taya, wanda na tabbata bai iso ba sai bayan an wanke tiren, ya ce shi ya ga an cire Sito gaba ɗaya, alhali Sito yana zaune a bayansa yana zuba wa mutane ruwa. Aminin Kawu ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mini tsari da tsinke, ya ce wannan ne, ko shakka babu. Na duba na ga tsarinsa ne shi kansa, wanda suka shekara ashirin suna faɗa da Kawu a kai. Murya ta yi sama har mata suka leƙo. Sai da Liman ya sa aka yi salati sau uku kafin rumfar ta koma gidan mutuwa. Ya yanke hukunci cewa jeren goro ba ya cikin abin da shari'a ta kira wasiyya. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, amma duk da haka a duba gefen hagun nan.

Da ma a nan abin ya tsaya, da na yi dariya wata rana. Amma da jama'a suka ragu, aminin Kawu ya gaya mini abin da ban sani ba. Duk wasannin nan da na ɗauka Kawu ya ƙaurace, yana zuwa. Bayan katanga yake kafa kujerarsa, inda bulo biyu suka fita, ya kalli wasa daga farko har ƙarshe. Na ce ai da na ji muryarsa. Ya ce ba ya magana. Ko da Sito ya daki turke, bai ce uffan ba.

Wannan ya tsorata ni fiye da komai. Kawu mai faɗa na sani, kuma faɗansa bai taɓa hana ni barci ba. Kawu mai shiru ban san shi ba. Na fara tunanin wataƙila tiren ba tsari ba ne, sallama ce: ga kayanka, Monsieur, na cire hannuna. Mutumin da ya tsaya mini a matsayin uwa da uba ya shiga kabari da wannan a ransa, ni kuma ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Na ji haushin taubashiyata, na ji haushin Liman da ladan da duk mai haƙori a Zango, na ji haushin Kawu da bai iya rubuta wasiƙa kamar kowa ba. Wanda ya fi cancanta da haushin na bar shi a ƙarshe, don na san inda yake kwana.

Ranar uku, bayan an yi addu'a an raba sadakar masa, an fara naɗe tabarmi, Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu, tiren yana jingine da bango.

"Ka tambayi Liman, ka tambayi ladan, har mai taya ka tambaya," ta ce. "Ni da nake wanke tiren nan tun kafin ka yi gemu, ba ka tambaye ni ba."

Na ce na ga ita ba ta kallon ƙwallo ne. Ta ce Allah ya kiyashe ta. Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani tsohon gwangwanin madara, ta buɗe, ta juye a kan tabarma tsakanina da ita. Ɓarin goro ne, da yawa, duk sun bushe sun yi baƙi-baƙi sun ƙanƙance. Babu cikakke ko ɗaya.

"Kullum in la'asar ta yi sai ya jera abinsa. Ya ɓara goro, ya ci nasa, ya ajiye naka a bakin tire. Ya zauna yana kallon zaure har a kira magariba. In ya rufe ya tafi masallaci, sai in ɗauke ɓarin in jefa nan, don kada gobe ya buɗe ya tarar da na jiya."

Na tambaye ta ko ya san tana ɗaukewa. Ta ce ya sani mana, bai dai taɓa tambayar inda suke zuwa ba. Na tambaye ta abin da na kwana uku ina zagayawa: ya ce ya yafe mini? Ta ce bai taɓa cewa ya yafe ba, bai kuma taɓa cewa an yi masa laifi ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne yaron nan zai kashe ƙungiyar nan da taurin kai. Na ce to me ya hana ya aiko a kira ni?

"Kai ka ce sai kun ci wasa, shi ya ce sai ka zo da ƙafarka. Ni na ciyar da ku duka biyun, ban san me na zuba a tuwon ba."

Ban ƙirga su ba, na san kwanakin. Na ɗauki ɗaya na sa a baki. Ya yi tauri kamar tsakuwa, ɗacinsa ya kai har kunne. Ina cikin fama da shi Inna ta jawo tiren ta ɗora yatsa a can gaba, gefen hagu, ta ce ita ba ta san gaba da baya ba, amma akwai wani farin goro da kullum sai ya tura shi nan. Na buɗe baki in ce ramin da zai bari fa, na tarar bakin a cike yake. Ko a kabari sai da ya yi mini dabararsa. Na zauna ina tauna, hawaye yana zuba, raina kuma a ɓace, wallahi a ɓace.

Wasan da ya biyo baya na fito da bahagon gaba, na ja Sito baya kaɗan, na ce a buga a ƙasa. Mun jefa biyu, duka daga hagu, ɗaya ma Sito ne ya miƙa, abin da ban taɓa gani ba. An jefa mana uku, duka ta ramin da na shekara ina faɗa. Shi yana da gaskiya, ni ma ina da ita, kuma a karo na farko ina da hujjar da ba za a iya cinyewa ba.

Daga fili ban wuce gida ba. Na tsaya na sayi goro, fari da ja, na shiga Zango ana idar da la'asar. Inna ta sa aka miƙo mini tiren. Na zauna inda na saba zama, na fuskanci bangon da yake jingina, na jera. Na nuna masa ta inda ta farko ta shigo, da ta biyu, da ta uku, dalla-dalla, babu mai katse ni, kuma ban taɓa jin bayani mara daɗi irin wannan ba. Na ce Allah ya jiƙanka Kawu, ya yalwata maka makwanci, ya yafe maka abin da ka yi wa alƙalan wasa, ya miƙa maka littafinka a hannun dama, wannan karon ko kai ba za ka nemi hagu ba. Sannan na ɓara goro, na ci nawa, na ajiye ɗayan a bakin tire.

Da aka kira magariba na rufe da tsumma na tashi. Ina cikin zaure ina sa takalmi na ji Inna ta buɗe murfin gwangwani.